Zanen Abin da Babu Shi: Gaskiya da Hukunci a Kundin Almarar Kimiyya

Kundin bayani na almarar kimiyya littafi ne da ake wallafawa domin ya raka wani jerin finafinai ko shirin talabijin. Yana tattara mutanen labarin da halittunsa da duniyoyinsa da jiragensa na sararin samaniya, ya bayyana kowane ɗaya da hoto da rubutu, da irin muryar da littafin makaranta yake bayyana sassan jikin ɗan Adam ko injin mota. Aikin mai zane a irin wannan littafi shi ne ya ba kowane abu sura tsayayya: tsawon halittar, yawan yatsunta, launin fatarta, inda tankin mai yake a cikin kumbo, inda matuƙi yake kwana. Duk wannan kuwa game da abubuwan da ba a taɓa yin su ba, ba kuma za a same su a ko'ina ba.

Sana'ar ta kafu ne a Amurka da Ingila. A shekarar 1975 Franz Joseph, wanda ya daɗe yana zanen sassan jiragen sama a kamfanin Convair, ya fitar da Star Fleet Technical Manual, littafin da ya zayyana kayan aiki da tufafi da jiragen shirin Star Trek kamar takardun horon soja. Littafin ya yi kasuwa har ya hau kan jerin waɗanda aka fi saye. A 1998 kamfanin Dorling Kindersley na Landan ya wallafa Star Wars: Incredible Cross-Sections, wanda Hans Jenssen da Richard Chasemore suka zana. Salonsu shi ne su yanke gefen jirgi kamar an ɓare shi, mai karatu ya leƙa ya ga bututu da wayoyi da matakala, ya ga ƙananan ma'aikata kowa a bakin aikinsa, ga layuka siriri suna fitowa daga kowane sashe zuwa sunansa a gefen shafi. Marubucin littafin, David West Reynolds, masanin binciken kayan tarihi ne na cikin ƙasa, kuma ya ɗauki kayan fim ɗin kamar yadda zai ɗauki tukwanen da aka tono a kufai, yana tambayar mene ne wannan, wa ya yi amfani da shi, don me.

Tambayar farko da wannan sana'a take tayarwa ta gaskiya ce. Idan mai zane ya zana raƙumi da ƙafa biyar, kuskurensa a bayyane yake, domin akwai raƙumi a waje da za a je a duba. To idan ya zana Chewbacca na Star Wars da gashi kore, da me za a auna shi? Babu Chewbacca a wani daji. Amma duk wanda ya san labarin zai ce zanen ba daidai ba ne, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Ke nan akwai daidai da kuskure ko a cikin abin da babu shi, sai a nemi inda suka samo asali.

Aflatun, a littafinsa na Jamhuriya, ya ajiye mai zane a mataki na uku daga gaskiya: akwai ainihin surar gado, akwai gadon da kafinta ya sassaƙa yana kwaikwayonta, sannan akwai hoton gadon. Da wannan ma'auni mai zanen kumbon almara ya fi kowa nisa, tunda shi ko gadon kafintan ba shi da shi. Sai dai ma'aunin bai kama lamarin ba. Masanin falsafa David Lewis, a wata maƙala ta 1978 kan gaskiya a cikin ƙirƙirarren labari, ya kawo bayanin da ya fi dacewa. A ganinsa, abin da yake gaskiya a cikin labari bai tsaya ga abin da marubuci ya furta ba. Ya haɗa da duk abin da zai kasance da a ce labarin rahoto ne na abin da ya faru. Ba a taɓa ƙirga ƙofofin hancin Sherlock Holmes a littafi ba, amma kowa ya san biyu ne, domin mutum ne a Landan, kuma haka mutane suke. Wannan shi ne filin da mai zanen kundi yake noma. Fim ya nuna jirgi yana tafiyar watanni da mutane a ciki, bai nuna inda suke ajiye ruwa ba. Dole akwai wurin, sai mai zane ya nemo masa gurbin da ba zai saɓa wa abin da aka gani ba.

Wahalar tana fitowa ne idan shaidun suka yi karo. Sanannen misali shi ne Millennium Falcon, jirgin Han Solo na Star Wars. Ɗakunan cikinsa da aka gina a sutudiyo ba za su shiga cikin gangar jikin da aka gina domin nunawa daga waje ba. A majigi ba wanda zai lura, domin kyamara ba ta nuna ciki da waje a lokaci guda. Mai zanen da zai ɓare jirgin kuwa ba shi da maɓoya. Ko dai ya ƙara girman jirgin, ko ya matse ɗakunan, ko ya karkatar da wani lungu, kuma kowane zaɓi yana nufin ya fifita wata shaida a kan wata. A nan ne ake gane mai gaskiya a cikin masu zane. Wani zai rufe matsalar da inuwa da ƙyalƙyali. Wani zai zauna da hotunan fim yana auna tsayin ƙofa da tsayin ɗan wasan da ya bi ta cikinta, har ya sami sulhun da ya fi ƙarancin ɓarna. Na biyun ya cancanci girmamawa, domin ya riƙe amanar mutanen da suka yarda su shiga labarin tare da shi.

Daga nan za a iya raba wannan aiki da ƙarya. Ƙarya tana bukatar niyyar sa wani ya gaskata abin da ba haka ba. Mai sayen kundin Star Wars ya san babu duniyar Tatooine, mai zanen ma ya san ya sani. Al'adar tatsuniya ta daɗe da warware wannan: mai ba da ita kan buɗe da kalmomin da suke sanar da yara cewa an shiga wata duniya, ya rufe da ɗora nauyin zancen a kan Gizo, kuma babu iyayen da suke kiran kaka maƙaryaciya saboda ta sa kura ta yi magana. Bambancin shi ne kundin ya ari tufafin ilimi, da ma'aunai da lambobi da sunayen sassa, kuma wannan kwalliya takan ruɗi ƙaramin yaro ko wanda bai san asalin abin ba. Alhakin mai wallafawa ne kada ya ɓoye cewa almara ce.

Akwai kuma wani rauni a wannan gaskiya wanda bai kamata a tsallake ba: mai mallaka ne yake yanke ta. Kamfanin Lucasfilm, mai mallakar Star Wars, ya buɗe rumbun bayanai na musamman, wanda Leland Chee ya riƙa kula da shi, domin tantance abin da ya tabbata a labarin da abin da bai tabbata ba. A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a kan kimanin dala biliyan 4, kuma a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa yawancin littattafan da aka rubuta cikin shekaru da dama sun fita daga tabbataccen tarihin labarin, an koma kiran su Legends. Zane-zanen da jiya suke daidai suka wayi gari ba su da matsayi, ba don an gano wani kuskure a cikinsu ba. Gaskiyar da sanarwar kamfani take iya sokewa gaskiya ce ta yarjejeniya, irin ta dokar wasa, kuma mai hankali ba zai ɗora ta a sikeli ɗaya da gaskiyar raƙumi ba.

Tambaya ta biyu ta fi zurfi: daga ina mai zane yake samo surar abin da ido bai taɓa gani ba? Tarihin Star Wars ya ba da amsa dalla-dalla. Ralph McQuarrie, wanda George Lucas, mai ƙirƙirar labarin, ya ɗauka a 1975 ya zana masa hotunan da suka taimaka wajen shawo kan kamfanin 20th Century Fox ya ɗauki nauyin fim ɗin, ya taɓa yin zanen fasaha a kamfanin Boeing, ya kuma yi wa gidan talabijin na CBS zanen tafiyar kumbon Apollo. Jiragensa sun fito daga wannan gogewa. Surar C-3PO ta samo tushe daga mutum-mutumin fim ɗin Metropolis na 1927. Kwalkwalin Darth Vader yana ɗauke da kamannin na mayaƙan samurai na Japan. Chewbacca ya samo asali daga karen Lucas, wani ƙaton kare mai gashi da kan zauna kusa da shi a mota. Stuart Freeborn ya sassaƙa fuskar Yoda yana duban tasa fuskar a madubi, ya ƙara mata wani abu na idanu da tamojin Albert Einstein. Dabbar bantha giwa ce aka lulluɓe da gashi aka ɗora mata ƙaho. Ita kanta Tatooine a Tunisiya aka ɗauki yawancin hotunanta, sunanta kuma daga garin Tatawin yake, gidan da Luke, jarumin fim ɗin, ya tashi a cikinsa kuwa ɗaya ne daga gidajen ƙarƙashin ƙasa na Matmata.

Terryl Whitlatch, wadda ta tsara halittu da yawa na fim ɗin The Phantom Menace na 1999, ta kuma zana littafin The Wildlife of Star Wars na 2001, ta yi karatun ilimin dabbobi kafin ta shiga wannan aiki. Hanyarta ita ce ta fara da ƙwarangwal, ta ɗora tsoka, sannan fata. Idan halittar za ta yi gudu a rairayi, sai ta duba tafin ƙafar dabbobin hamada. Idan za ta tauna ciyawa, sai haƙora da muƙamuƙi su bi tsarin masu cin ciyawa. Halittar da ba a gina ta haka ba, ido yana ƙin ta nan take, ko da mai kallo bai iya faɗin dalili ba.

Masana falsafa sun riga masu fim gane wannan. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana cewa a cikin ƙarfin ruhin ɗan Adam akwai wanda aikinsa shi ne haɗa surorin da gaɓoɓi suka tara da kuma raba su, ya ɗauki fiffike daga nan ya liƙa wa jiki daga can. David Hume a ƙarni na 18 ya kawo misalin dutsen zinare: mutum ya san dutse, ya san zinare, sai ya gama su. Abin da ba wanda ya iya shi ne ya ƙago launin da bai taɓa gani ba. Saboda haka duk kundin almarar kimiyya, komai baƙuntar halittunsa, shaida ne a kan iyakar tunanin ɗan Adam. Baƙon da aka ce ya fito daga wani tauraro mai nisa, idan aka kwance shi, sai a tarar da idon kwaɗo da wuyan jimina da fatar kada. Alƙur'ani a cikin Suratun Nahli, bayan ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ya faɗi cewa Allah yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Wannan fagen ne alƙalamin mai zane ba ya kaiwa, domin abin da ba a sani ba ba shi da sassan da za a ara.

Wannan ya kai ga tambaya ta uku, wadda ta fi damun Musulmin da yake sha'awar sana'ar: mene ne hukuncin zana irin waɗannan halittu? Hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim suna da tsanani a kan masu yin surori. An ruwaito cewa za a umarce su ranar alƙiyama su raya abin da suka suranta, kuma ba za su iya ba. An ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas yana neman fatawa, sai ya ce masa idan ba makawa, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Daga wannan, babban kaso na aikin kundi ya fita daga saɓani: jirage da makamai da taswirar taurari da birane da hamada ba su da rai. Zanen Jenssen da Chasemore yawancinsa daga wannan kaso yake.

Saɓanin yana kan mutane da dabbobi. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya tafi a kan cewa suranta mai rai haramun ne, ko surar tana da inuwa ko ba ta da ita. Malikiyya, mazhabar da ta fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma, ta bambance. A wurin malamanta irin su Dardir, haramcin ya tabbata ne a kan sura mai jiki wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, kamar gunki. Zane a kan takarda ko bango makaruhi ne, kuma hukuncin yana ƙara sauƙi idan surar tana wurin da ake wulaƙanta ta, kamar shimfiɗar da ake takawa. Malaman wannan zamani sun kasu a kan waɗannan hanyoyi biyu, wasu kuma sun yi rangwame ga abin da ake bukata domin koyarwa.

Saura halittar da Allah bai yi irinta ba. Wani zai ce tunda babu ita, zana ta ba kwaikwayon halittar Allah ba ne. Malaman fiƙihu ba su bar wannan ƙofa ba tare da dubawa ba. Littattafan Shafi'iyya na baya sun ambaci surar da ba ta da makamanciya a duniya, suka ba da misali da doki mai fukafukai, suka shigar da ita cikin hanin, kodayake an ruwaito wata fuska a mazhabar da ta halatta. Hujjar masu hanawa ta dace da abin da aka gani a aikin Whitlatch: idan kowace gaɓa ta baƙuwar halitta aro ce daga mai rai, kuma an zana ta ne domin a ga kamar tana numfashi, to ba ta fita daga surar mai rai ba. Maganar cewa babu irinta ba ta da ƙarfin da ake zato.

A ɗaya ɓangaren akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaye ta, sai ta kafa hujja da cewa Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai, shi kuwa ya yi dariya. Malamai sun ɗauki wannan a matsayin rangwame ga kayan wasan yara, ba su faɗaɗa shi ga kowace sura ba, amma ya nuna cewa ƙirƙirar halitta a cikin wasa ba ta zama abin tsawatarwa ba a wannan gida mai albarka. Tarihi ma yana da abin faɗa. Zakariyya al-Ƙazwini, alƙali ne wanda ya rasu a 1283, ya rubuta Aja'ibul Makhluƙat, kundin abubuwan al'ajabi na sama da ƙasa, kuma akwai kwafinsa mai hotuna da aka yi a garin Wasit a 1280, yana raye, wanda yake ajiye a Munich. A cikin kwafe-kwafen littafin an zana mala'iku da dabbobin teku da mutanen tsibirai masu siffofi na ban mamaki. Aikin wasu ba hujja ba ne a shari'a, amma ya nuna cewa duniyar Musulmi ta san irin wannan littafi tun da daɗewa, kuma manufar Ƙazwini ita ce mai karatu ya yi mamakin ikon Mahalicci.

Idan aka duba dalilan da malamai suka ambata na hanin, biyu ne suka fi fitowa: gogayya da Allah a halitta, da kuma girmama sura har ta kai ga bauta. Game da na farko, abin lura shi ne da'awar da mai zane yake yi wa kansa. J. R. R. Tolkien, wanda Kirista ne mai riƙo da addini, ya yi bayani a wata lacca ta 1939 cewa mai ƙirƙirar duniyar almara yana aiki ne kamar ƙaramin mahalicci a ƙarƙashin Mahalicci, da kayan da aka ba shi. Musulmi zai ƙi kiran kansa mahalicci ko da ƙarami ne, tunda Mai Surantawa ɗaya ne daga sunayen Allah, amma zai yarda da ainihin batun: mai zane mai harhaɗawa ne. Wanda ya san haka da gaske yana da wuya ya ji yana gasa da Wanda ya yi ƙashi da tsoka tun farko.

Dalili na biyu ya fi kusa da wannan sana'a fiye da yadda masu ita suke zato. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu mutanen kirki ne da aka kafa musu alamomi domin tunawa, sai da zamani ya ja aka manta dalilin aka koma bauta musu. Zanen kundi ba ya tsayawa a takarda. Daga shi ake ƙera 'yan tsana da mutum-mutumi, tun daga waɗanda kamfanin Kenner ya fara sayarwa a 1978, kuma a nan surar ta sami jiki da inuwa, ta faɗa cikin abin da Malikiyya ma suka hana idan ba na wasan yara ba ne. Akwai manya da suke jera su a cikin gilashi, suna kashe dukiya mai yawa a kansu. A ƙidayar jama'a ta 2001 a Ingila da Wales, fiye da mutum dubu 390 suka rubuta Jedi na Star Wars a matsayin addininsu. Yawancinsu raha ko nuna adawa da tambayar suka yi, kuma zalunci ne a kira masu son fim mushirikai. Duk da haka, tsoron da shari'a ta yi wa sura ya ginu ne a kan sanin cewa zuciya tana saurin rataya ga abin da ido ya saba gani, kuma kasuwar waɗannan kayayyaki a kan wannan saurin take cin riba.

Akwai hasara guda da ba ta shafi hukunci ba, amma ta shafi amanar mai zane. Gani ya kori ji. Kafin a zana wata halitta da aka ambata a labari, kowane mai karatu yana da tasa a zuciya. Da zarar kundi ya fito, sai sura ɗaya ta maye gurbin dubbai, kuma da wuya a koma baya. Saboda haka sanin abin da za a bari ba a zana ba yana cikin ƙwarewar aikin. Lucas ya daɗe yana hana a faɗi sunan jinsin Yoda ko duniyar da ya fito, kuma kundayen da suka ƙididdige tsayinsa da shekarunsa kusan 900 sun bar wannan gurbi ba a cike ba. Ko da shirin The Mandalorian ya fito da wani ɗan ƙarami na wannan jinsi a 2019, ba a ba jinsin suna ba, kuma masu zanen kundayen da suka biyo baya sun ci gaba da aiki a cikin wannan iyaka.